Ranar da Ubaidullah Ya Bar Gadin Dawa

Ubaidullah bai taɓa son birai ba. Ya daɗe yana gadi a wani mashru'i, irin manyan gonakin nan da ake nomawa da tarakta, can kudu da Gadarif ta wajen Hawata, kuma rabin furfurar da ke gemunsa a kan birai yake ɗora alhakinta. Gefen gonar da aka ba shi ya jingina da wani dutse, a kan dutsen kuwa akwai garken gwaggon biri da suke nan tun kafin tarakta ta taka wannan ƙasa. Da dawa ta fara nuna sai su sauko. Sun san bambancin sanda da bindiga. Sun san lokacin da yake tayar da sallah, don sau da yawa yana sallamewa zai ji kara na karyewa a bayansa. In ya bi su ta gabas, waɗansu su shiga ta yamma, ya dawo yana haki ya tarar da zangarniya a zube, an ciji kowace sau ɗaya an yar.

Babiker, wakilin mai gonar, ya zo duba ɓarnar wata safiya a cikin motarsa mai buɗaɗɗen baya. Ya zagaya, ya ɗauki zangarniya ɗaya ya jujjuya ta, sannan ya dubi Ubaidullah ya yi masa magana da Larabci kamar yadda ya saba.

"Ya Ubaidu, ni na kasa ganewa. Kai mutum ne. Allah ya ba ka kai, ya ba ka hankali. Kullum dabba ce za ta riƙa wasa da kai?"

"Suna da yawa, ya wakil. Ni kaɗai ne a wannan gefen."

"Ko sun cika dutsen nan, biri dai biri ne. Zan kawo maka abin da zai gama da su."

Abin da ya kawo keji ne na ƙarfe, wanda wani mai walda ya haɗa a kasuwar Gadarif, da ƙofa mai faɗowa in an taɓa abin da ke ciki. Aka ajiye shi a bakin dawa, kusa da hanyar da ma'aikata ke bi, aka sa kankana a ciki. Birai suka yi kwanaki suna kallonsa daga nesa ba wanda ya kusance shi.

Lokacin yankan riɗi ne, shi kuwa riɗi ba ya jira. In ya bushe a tsaye sai ya fashe ya zube ƙasa, aikin damina duka ya tafi. Saboda haka kambo, wato 'yan bukkokin da ma'aikata ke kwana, ya cika da baƙi daga ko'ina. A cikinsu akwai wasu samari daga sansanin Um Rakuba, waɗanda yaƙi ya koro daga Habasha. Sun gama yankin da aka ba su, aka zo aka kwashe su zuwa wata gona mai nisa. Ɗaya daga cikinsu, Hagos, ba shi da lafiya, bai iya hawa lorin da ya zo kwasarsu ba. Suka bar masa bargo da jarkar ruwa a ƙarƙashin wata rumfar kara, suka tafi.

Wadda ta riƙa kula da shi ita ce Ummusalama, wata dattijuwa mutuniyar Hawata da ke dafa wa ma'aikata abinci da shayi. Tana da jaki da karo, wato amalanke, da su take ɗebo ruwa daga hafir, tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina. Kullum da hantsi takan dama kunu marar kauri ta kai wa Hagos, ta tallafo kansa ya kurɓa kaɗan. Ubaidullah yakan biyo ta nan shan shayi in rana ta yi zafi birai sun koma inuwa, don haka ya ga yadda yaron ke ƙarewa. Zazzaɓi ba ya sauka. Hannuwa sun zama kara, ciki kuwa ya kumbura ta gefen hagu, fatar fuskarsa ta yi duhu kamar an shafa toka.

"Wannan ba zazzaɓin sauro ba ne," in ji Ummusalama. "Kala'azar ne. Shi ya ɗauke 'yar ƙanwata. In ba a kai shi asibiti an fara masa allura ba, a nan za mu haƙa masa rami."

"Kin gaya wa wakil?"

"Na gaya masa. Ya ce gobe. Shekaranjiya ma goben ya ce."

Ubaidullah ya tari Babiker da kansa a wajen da ake loda buhunan riɗi. Lori na tsaye, an kusa cika shi, zai wuce ta Hawata kafin ya miƙe Gadarif. Ya ce a ɗora yaron a saman buhuna, a sauke shi a bakin asibiti, ba wani abu za a rasa ba.

"Ba shi da takardar fita sansani," in ji Babiker, idonsa na kan masu lodi. "In aka tsayar da lorin a shingen sojoji aka gan shi, sai a riƙe mini mota da kaya. Wa zai yi wa mai gona bayani? Kai?"

"To motarka fa?"

"Motata tana aiki. Ma'alesh, ka yi haƙuri, ya Ubaidu. Mutanensa ne suka bar shi, ba ni ba. Koma kan dawarka."

Washegari da sassafe keji ya kama. Ubaidullah na nesa ya ji ƙarar ƙarfe, sannan ihu ya tashi daga dutse kamar ana yanka wani abu. Da ya iso ya tarar da ɗan biri ne, bai gama girma ba, yana dukan ƙarfen da kai da hannu. Ya yi murna, ba zai ɓoye ba. Ya tsaya a gaban kejin ya ce masa, "Yau ga ni ga ka."

Ya zaci sauran za su gudu su bar dutsen. Ba su gudu ba. Suka sauko suka jeru a kan ƙananan duwatsun da ke bakin gona, manya a gaba, suna kallo. Wata mace, wadda da gani uwar ce, ta baro su ta taho har kusa da kejin, ta zauna a fili cikin rana. Ubaidullah ya ɗaga sanda, ta ja da baya kaɗan, ya sauke, ta dawo.

Babiker ya zo ya gani, ya yi dariya, ya ce kada a kashe shi tukuna. A bar shi nan cikin rana ba ruwa, 'yan'uwansa su yi ta kallo har ya mutu, daga nan za su san gonar nan ba tasu ba ce. Da ma'aikata suka tashi cin abincin hantsi sai wajen ya zama dandali. Wani ya zura kara yana tsokalar ɗan birin a ciki, wani ya kunna taba ya hura masa hayaƙi a fuska. Waɗansu suka koma kan uwar da jifa. Dutse ɗaya ya same ta a gira, jini ya zubo ya rufe mata ido ɗaya. Ta goge da bayan hannu, ta matsa gefe inda jifa ba ya kaiwa sosai, ta sake zama.

"Ku bar su haka nan," in ji Ubaidullah. "Ku tafi ga aikinku."

"Ammu, ba kai ne kullum kake tsine musu ba?" wani saurayi ya ce, yana kiransa baffa da Larabci. Aka yi dariya.

Haka rana ta yi ta tafiya. Garken bai shiga dawa ba, bai koma dutse ba. Ubaidullah na zaune a gindin wata ƙaya, daga inda yake yana hango kejin da uwar, in ya juya kuma yana hango rumfar da Hagos ke kwance, ba kowa a wajen sai ƙudaje. Mutane na wucewa ta gabanta da lauje a kafaɗa, wani ya leƙa, wani ko leƙawa ba ya yi.

Bayan sallar la'asar ya riƙe Lawal. Lawal direban tarakta ne, ƙanen bayansa a shekaru, amma ya yi karatu a wajen malamai, shi ke jan sallah a kambo, shi ake tambaya in wani abu ya shige duhu. Suka zauna a kan tabarma bayan mutane sun watse.

"Malam Lawal, ina da tambaya. Mu da dabbobi, wa ya fi?"

Lawal ya yi murmushi. "Yaya Ubaidu, wannan ai ko yaro ya sani. Allah ya karrama ɗan Adam. Ya ba shi hankali da magana, ya hore masa dabbobi, ya hau wasu, ya ci wasu."

"Na sani. Ban musa ba. A ina ake ganinsa nake tambaya. Tun safe uwar birin can tana zaune cikin rana da jini a ido, ta ƙi barin ɗanta. Duk danginsa suna nan, ko abinci ba su nema ba. Ga yaro can a rumfa, mutanensa sun hau lori sun bar shi. Mu kuma mun fi cikin kasuwa yawa a nan, muna sallah sahu-sahu, yana mutuwa a bayanmu."

"Kada ka haɗa," in ji Lawal. "Ita biri ba zaɓa ta yi ba. Haka aka halicce ta, kamar yadda ruwa ke gangarawa. Ba ta da lada, ba ta da zunubi. Kuma kada su ruɗe ka. Ni da idona na ga babban namijinsu ya fizge jariri daga hannun uwa ya buga shi da dutse. Waɗannan da kake yabo, in ɗan wani garken ne a kejin, ko waiwaye ba za su yi ba. Mutum kaɗai ne zai ga wanda ba jininsa ba, ba yarensa ba, ba addininsa ba, ya tsaya ya ce wannan yana da haƙƙi a kaina. Fifikon ke nan. Yana iya zaɓa."

"Madalla. To zaɓa. Ga tarakta a hannunka, ga tirela. Kafin magariba mun kai Hawata."

Lawal ya sunkuyar da kai yana jan zaren tabarma.

"Taraktar ba tawa ba ce, Yaya."

"Na san ba taka ba ce."

"In na fita da ita ba izini, gobe wani ne a kanta. Ina da yara a Showak, ina da tsohuwa. Zan sake yi wa wakil magana. Kuma mun sa shi a addu'a."

"Ya ji daɗin addu'ar," in ji Ubaidullah, ya miƙe ya kakkaɓe jallabiyarsa. Lawal ya kira shi, bai juyo ba.

Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya kafin duhu. Direban lori ya ce shi umarni yake bi. Mai babur ɗin da ke kawo sigari da sukari kambo ya ce yaron ba zai iya zama a baya ba, in ya faɗo ya mutu a hannunsa wa zai fitar da shi. Shugaban masu yankan riɗi ya ce yana da gaskiya, wallahi yana da gaskiya, amma a bari a gama wannan yankin. Kowa ya ba shi gaskiya. Ya koma wajen Ummusalama ya zauna a kan buhu, ya ce ko shayi ba ya so.

"Ka gama zagayen?" ta ce tana kwashe tuwo. "Da ka tambaye ni da na rage maka wahala. Gobe in mun yi asuba ka ɗaura wa jakina karo. Ni ban iya ɗaga shi ni kaɗai, shi ya hana ni tun tuni."

"Hajja, Hawata a karo? Yini guda ne."

"To mu yini. Wa zai hana ma'aikata cin abinci in na tafi? Su dafa da kansu, hannu gare su."

Da gari ya waye suka shimfiɗa buhunan wofi a kan karo, suka ɗauko Hagos. Ubaidullah ya yi mamakin rashin nauyinsa. Yaron ya buɗe ido ya ce da guntun Larabcinsa, "Ina?" Ummusalama ta ce, "Asibiti, ɗana. Kwanta." Ta kafa sanduna biyu ta ɗaura mayafinta a kai don ya yi masa inuwa.

Babiker ya iso suna ɗaure igiya ta ƙarshe. Bai ɗaga murya ba.

"Wa zai tsare dawa?"

"Ka sa wani yau ɗaya."

"Ba ni da wani. Kowa yana kan riɗi. Ya Ubaidu, ka daɗe a nan, ban taɓa samun matsala da kai ba. In ka bar gefen can yau, kada ka dawo. Halas, magana ta ƙare."

"Na ji," in ji Ubaidullah.

Hanyar fita ta bi ta gaban kejin. Ɗan birin yana kwance a kusurwa, harshe a waje, ya daina dukan ƙarfe. Uwar tana nan inda take jiya, idon ya kumbura ya rufe. Ubaidullah ya ce wa Ummusalama ta ci gaba zai cim mata. Ya tsaya jim kaɗan, sannan ya kama ƙofar ya ɗaga ta sama. Ɗan birin bai motsa ba. Ya sa hannu ya ɗan jijjiga kejin don ya tashe shi, sai kawai ya zabura ya kafa masa haƙora a tsakanin babban yatsa da manuni, ya fice ta ƙarƙashin hannunsa. Uwar ta cafe shi ta manna a ciki ta ruga. Kafin Ubaidullah ya gama naɗe hannun da rawaninsa, ya ga manyan garken sun sauko daga duwatsu sun kutsa cikin dawa, kara na faɗuwa ta ko'ina.

"Allah ya tsine muku," ya ce, ya bi karo.

Ummusalama ta dubi rawanin da ya jiƙe da jini. "Godiyar ke nan?"

"Ki bar ni, Hajja."

Ƙasar wajen baƙa ce, in ta sha ruwa ta zama danƙo, in ta bushe ta tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa. Karo na tafe yana tsalle, duk tsalle sai Hagos ya yi nishi. Suka bi gefen gonaki da ba a ganin ƙarshensu, riɗi a tattare an jingina shi tsaye yana bushewa. Wata mota ta taho daga baya, Ubaidullah ya tsaya tsakiyar hanya yana ɗaga hannu mai lafiya. Direban ya rage gudu, ya leƙa ya ga abin da ke kan karo, ya kauce ta cikin gona ya wuce.

Rana ta take tsaka suka iso wani kwari da ruwan ƙarshen damina bai gama bushewa a cikinsa ba. Jakin ya shiga, ƙafafun karo suka nutse, ya ja sau biyu ya tsaya. Ubaidullah ya yi masa tsawa, ya ja linzami, jaki ya kafe. Hannun na yi masa zogi har kafaɗa, ƙishi ya busar masa da maƙogwaro, yana jin numfashin Hagos na fita da ƙyar. Ya fizgi sanda ya fara dukan jakin, a gadon baya, a wuya, a kunne, yana duka yana zagi, har jakin ya durƙusa a gwiwa cikin taɓo.

Ummusalama ta sauko ta riƙe sandar.

"Ubaidu, ya isa. Tun asuba yake jan mu bai sha ruwa ba. Shi ya kore ka daga aiki? Shi ya cije ka?"

Ya saki sandar. Ya ga inda fatar jakin ta fashe a bayan kunne, ƙuda har sun fara sauka. Ta zuba ruwa a kwano daga jarkar Hagos ta ba jakin, ta shafa masa wuya tana yi masa magana ƙasa-ƙasa har ya miƙe. Sannan ta tattare zanenta ta shiga taɓon, ita da Ubaidullah suka sa kafaɗa a bayan karo suka tura, jaki ya ja, suka fita. Takalminta ɗaya ya tsaya a ciki, ba ta koma nema ba.

Daga nan har suka hango bishiyoyin bakin kogin Rahad, Ubaidullah bai sake hawa karon ba, a ƙasa ya taka yana riƙe da linzami.

A shingen shiga gari wani matashin soja ya taso daga inuwa ya ɗaga mayafin ya duba. Ubaidullah ya shirya bayani tun daga nesa, yana ta maimaita shi a zuci. Sojan ya dubi fuskar Hagos, ya dubi cikinsa, ya ce, "La haula. Ku wuce, ku yi sauri." Ya ɗaga musu igiya da kansa. Ko takarda bai tambaya ba.

Wannan ya fi komai ƙona wa Ubaidullah rai. Ya yi ta juya shi har suka isa asibiti: lori ya bi ta nan jiya, ya bi shekaranjiya, zai bi gobe.

Likitar da ta karɓe su, wata matashiya mai suna Israa, ta sa aka ɗebi jinin Hagos aka kwantar da shi. Da ta fito ta ce kala'azar ne, kuma an makara, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Za su fara allura yau, kullum sai an yi, na tsawon makonni. Ba ta yi alkawarin komai ba. Ta tambaya wane ne nasa. Ubaidullah da Ummusalama suka dubi juna.

"Mu ne dai," in ji Ummusalama.

Likitar ta kwance rawanin ta ga cizon, ta tambayi abin da ya yi shi. Da ya ce biri, ta ce shi ma allura zai sha, ba ɗaya ba, kuma kada ya yi wasa da ita. Aka wanke ciwon da wani ruwa mai zafi kamar wuta.

Gidan Ubaidullah a Hawata yake, a unguwar Hausawa. Matarsa Larai ta gan shi kwatsam a lokacin da ba a sa ran ganinsa, da hannu a naɗe, ba buhu ba ƙullin komai. Ya faɗa mata yadda aka yi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya ba da lada, sannan ta ce, "To yanzu fa? Kaka ce, kowa na shigo da hatsi." Ya ce zai nema. Ta ce da wane hannun. Duk da haka ita ce ta riƙa dama kunun da yake kaiwa asibiti kowace safiya, tana yi tana mita.

Ummusalama ba ta koma kambo ba sai da jakinta ya warke. Hagos ya yi kwanaki ba a san inda zai faɗa ba, sannan zazzaɓin ya fara sassautawa. Ya soma zama da kansa, ya soma ƙin kunu yana neman abu mai yaji.

Ranar wata Juma'a Lawal ya zo. Ya sami Ubaidullah a zaune a barandar asibiti, ya ajiye masa tabarmarsa da butarsa da ya baro a kambo, da ledar lemo da sukari ya ce na marar lafiya ne. Suka gaisa. Lawal ya zauna a gefe, ya ba shi labari. Ranar da ya tafi birai sun cinye dawa mai yawa. Babiker ya fusata ya sa aka zuba guba a cikin kankana aka jera a gindin dutse. Birai sun mutu, ba a san adadi ba, wari ya hana mutane bin wajen. Karnukan kambo biyu sun ci sun mutu, ungulaye ma an gan su a zube. Awakin wani makiyayi sun bi ta nan, yanzu ana ta rigima da danginsa. An ɗauki sabon mai gadi.

"Ƙaramin fa, da uwarsa?" in ji Ubaidullah.

"Wa zai bambance su, Yaya? Duk sun kumbura."

Ubaidullah ya dubi hannunsa. Kumburin ya sauka amma babban yatsan bai lanƙwasuwa sosai.

"Na yi ta tunanin maganarmu," in ji Lawal. "Ka ga abin da nake faɗa maka ke nan. Yaron nan ba ɗanka ba ne, ko yarensa ba ka ji. Ka bar aikinka ka kawo shi. Wace dabba ce za ta yi haka? Kai da kanka ka amsa tambayarka."

"Kada ka yi hujja da ni, Malam Lawal."

"Gaskiya ce ai."

"Na yi kwanaki ina shan shayi a gabansa ban yi komai ba. Da tsohuwar nan ba ta da jaki da yanzu yana cikin rami. Jakin kuma da ya kawo mu, na dake shi har ya durƙusa, bai yi mini laifin komai ba. Na buɗe keji, ga abin da ya jawo. Mu nawa ne a kambon nan? Kai ka ce muna iya zaɓa. Na yarda. Ni abin da ke cina ke nan."

Lawal ya buɗe baki zai yi magana, sai wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo daga ɗaki ta ce ina mai jinyar Bahabashen nan, lokacin allura ya yi, kuma yau ma ya ce ba zai tsaya ba. Allurar tana da zafi ƙwarai, tun da Hagos ya sami ƙarfi sai an danne shi.

Ubaidullah ya miƙe. "Taso ka riƙe ƙafafun," ya ce wa Lawal. "Ni hannu ɗaya gare ni, jiya sai da ya haure ni a ciki."

Lawal ya cire hularsa ya sa a aljihu ya bi shi. Hagos na ganinsu su biyu ya ja bargo ya rufe cinyarsa, ya fara surutu da yarensu da sauri-sauri, yana nuna ƙofa.

"Me yake cewa?" in ji Lawal.

"Zaginmu yake yi. Riƙe da kyau."